SHARHI: Sabuwar Ƙofar Ƙaramar Hukuma, Kada A Rufe Ta Ga Naƙasassu

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman wata takarda ya san abin da ke jiransa. Ga kuɗin mota, ga dogon layi, ga masinja da zai ce maka maigidan bai zo ba, sai ka dawo gobe. Wannan fa wahalar mai lafiya ke nan. To, ina ga makaho wanda sai ya nemi ɗan jagora kafin ya fito gida? Ina ga gurgu wanda zai iske matakala tsakaninsa da ofishin da yake nema? Ina ga kurma wanda za a kira sunansa sau uku bai ji ba, a wuce shi a ba na bayansa?

Yanzu zamani ya kawo wata sabuwar ƙofa, watau shafin intanet. Yau in yaro zai zauna jarrabawar shiga jami'a, ko saurayi zai nemi aikin soja ko na ɗan sanda, ko ɗan kasuwa zai yi fasfo, sai an bi ta intanet. Ƙananan hukumomi ma sun fara bin sahu, waɗansu sun buɗe shafi, waɗansu suna shirin buɗewa. A ganina babu wanda wannan ƙofa ya kamata ta fi yi wa amfani kamar naƙasasshe, domin ita ce za ta ɗauke masa tafiya da layi da matakala. Amma in ba a yi hattara ba, matakalar nan da ta hana shi shiga sakatariya za a sake gina masa ita a cikin wayarsa. Wannan shi ne abin da nake so mu duba a yau.

Dalilin tasowar maganar yanzu

Ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu daga asusun Tarayya kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun gwamnoni ba, kuma ta ce kantomomin riƙo da gwamnoni ke naɗawa ba su da gurbi a tsarin mulki. Tun daga ranar aka yi ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da hukuncin. Amma ko yaya ta kaya, abu ɗaya ya tabbata: idon jama'a ya koma kan ƙaramar hukuma, ana so a san nawa ta samu, nawa ta kashe, kuma me ta yi da shi.

Shugaban da ke son nuna wa duniya aikinsa kuwa, abu na farko da 'yan kwangila za su kawo masa shi ne shafin intanet. Saboda haka yanzu ne lokacin magana, tun ba a sa hannu a takardun kwangila ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shafin da aka gina ba tare da an tuna da makaho ba, gyaransa daga baya ya fi gina shi wuya, kamar dai yadda fasa matakalar siminti a yi gangara ya fi tsada bisa a sa gangarar cikin zanen gini tun farko.

Abin da talaka ke nema a ƙaramar hukuma

Tun gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, aka ɗauki ƙaramar hukuma a matsayin gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukanta a jadawali na huɗu. A ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da kwashe shara, da karɓar harajin gidaje, da ba da lasin na kekuna da amalanke da kwalekwale. Har wa yau tana da hannu cikin ilimin firamare da yaƙi da jahilci da kiwon lafiya. Abin lura kuma, jadawalin ya ɗora mata alhakin kafa gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi da kula da su. Ke nan tsarin mulki da kansa ya haɗa ƙaramar hukuma da naƙasasshe.

Akwai kuma wata takarda da ta fi kowace muhimmanci ga masu karatunmu da ke zaune a nan Kudu, watau takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ba a samun aikin Gwamnatin Tarayya sai da ita, haka kuma ana nemanta wajen shiga manyan makarantu da neman tallafin karatu da shiga aikin ɗamara. Bahaushen Agege ko Idi-Araba, ko na Sabon Badun, ko da a nan aka haife shi, in ya tashi neman wannan takarda yawanci sai an ce ya koma garin iyayensa.

Mu ɗauki misali. A ce ga wani saurayi makaho da ya gama sakandare a Legas, iyayensa kuwa mutanen wata ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina ko Sakkwato. Tafiyar ta fi kilomita dubu. Ba zai tafi shi kaɗai ba, saboda haka kuɗin mota na mutum biyu ne, zuwa da dawowa, ban da abinci da masauki. In ya isa aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, shi ke nan. Da ƙaramar hukumar tana da shafi mai kyau, da tun yana Legas ya san takardun da ake buƙata, da kuɗin da doka ta yanka, da ranar da ake zama, ya cike fom, ya rage sai zuwa ɗaya tak ko ma babu. Amma in shafin yana nan, wayarsa kuwa ba ta iya karanta masa shi, to tsugune ba ta ƙare ba.

Su nawa ne?

Kada wani ya ɗauka maganar mutane ƙalilan ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum miliyan dubu ɗaya da ɗari uku, watau kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna fama da wata naƙasa mai tsanani. Wannan ya kama kusan mutum ɗaya cikin kowane shida.

A nan gida, binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, adadin da aka ƙiyasta ya haura mutum miliyan ɗaya. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar. Binciken ya nuna abin ya fi tsanani a Arewa maso Gabas, ya fi sauƙi a Kudu maso Yamma. Wannan lissafin makafi ne kawai, ban da masu raunin gani, waɗanda sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Ga kuma waɗanda shan-inna ta naƙasa. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya da Afirka baki ɗaya a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta shanye wa ƙafa ko hannu a shekarun baya suna nan tare da mu, da yawansu samari ne da magidanta. A ƙara da kurame, da kutare waɗanda cuta ta cinye wa yatsu, da waɗanda haɗarin mota ko rikicin Arewa maso Gabas ya raba da wata gaɓa, da tsofaffi waɗanda ido da kunne suka fara gajiya. Wannan rukuni na ƙarshe kuwa, duk wanda Allah ya yi wa tsawon rai zai shige shi, har da shugaban ƙaramar hukumar da ɗan kwangilarsa.

Yadda makaho ke karanta shafi

Mutane da dama suna mamaki in an ce makaho yana amfani da waya ko kwamfuta. Abin ba tsafi ba ne. Akwai manhaja mai karanta rubutu da murya. A wayoyin Android ana kiranta TalkBack, a wayoyin iPhone kuma VoiceOver, kuma duka biyu ba a biyan ko kwabo kafin a kunna su. A kwamfuta akwai JAWS wadda ake saye, da NVDA wadda waɗansu makafi biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙiro, aka fara ta a 2006, ana kuma ba da ita kyauta. Makaho yana shafa fuskar waya da yatsa, manhajar tana faɗa masa abin da ke ƙarƙashin yatsan, in ya ji abin da yake so sai ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Amma manhajar nan rubutu kawai take karantawa da kyau, ba ta san abin da mai shafin yake nufi da hoto ba sai ya gaya mata. A nan gizo ke saƙar. Al'adar ofisoshinmu ita ce a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, sa'an nan a ɗauki hotonta da waya a manna a shafi. Ga mai ido wannan sanarwa ce. Ga makaho kuwa, manhaja za ta ce masa "hoto" ta yi shiru. Ko sanarwar ɗaukar ma'aikata ce, ko ta rabon taki, ko ta allurar rigakafi, shi dai hoto ya ji. Maganin abin kuwa bai fi minti biyar ba: a rubuta abin da ke cikin takardar da haruffa a shafin, kowane hoto kuma a rataya masa ɗan taƙaitaccen bayani.

Matsala ta biyu ita ce fom. In gurbin suna da gurbin ranar haihuwa da gurbin mazaɓa ba a liƙa wa kowanne sunansa yadda manhaja za ta gane ba, makaho zai ji ana ce masa ya rubuta, amma bai san abin da zai rubuta ba. In ya yi kuskure, shafin ya ja jan layi kawai ba tare da ya faɗi inda kuskuren yake ba, to zai kwana a nan. Ta uku ita ce karkatattun haruffan nan da ake cewa mutum ya kwafa domin a tabbatar shi ɗan Adam ne ba na'ura ba. In babu wata hanya ta sauraro, an kulle ƙofa ke nan an jefa mabuɗin a rijiya.

Sakamakon duk wannan shi ne dole makaho ya kai wayarsa ko takardunsa shagon masu cike fom, ya biya kuɗi, ya kuma faɗa wa baƙo lambar katinsa na ɗan ƙasa da lambar asusunsa na banki. Mutumin da zai iya yi wa kansa aiki an mai da shi mai roƙon taimako, an kuma buɗe wa macuta hanyar cin dukiyarsa.

Ba makafi kaɗai ba

Kurma yana gani, amma in shugaban ƙaramar hukuma ya yi jawabin kasafin kuɗi a bidiyo ba tare da an rubuta abin da yake faɗa a ƙasan hoton ba, motsin baki kawai zai gani. Wanda aka haifa kurma kuma, maganar hannu ita ce harshensa na farko, saboda haka muhimmiyar sanarwa tana buƙatar tafinta a gefe, ko aƙalla rubutu mai sauƙi. Kada kuma a ce hanyar tuntuɓa ita ce kiran waya kaɗai, a ba da lambar aika saƙon rubutu.

Mutumin da hannunsa ke rawa, ko wanda ba shi da yatsu, ba ya iya sarrafa linzamin kwamfuta ko taɓa ɗan ƙanƙanin maɓalli a fuskar waya. Yana buƙatar manyan maɓallai, da shafin da za a iya zagaya shi duka da madannan rubutu kaɗai, da isasshen lokaci, ba fom ɗin da zai goge kansa bayan minti biyu ba. Zabiya da tsoho da mai raunin gani suna buƙatar baƙin rubutu a kan farin fili, wanda za a iya ƙara girmansa ba tare da shafin ya wargaje ba. Mai farfaɗiya kuwa, hoto mai walƙiya da sauri yana iya tayar masa da ciwo.

Akwai kuma maganar harshe. In an rubuta shafi da Hausa ko Yarbanci amma ba a sa alamar da ke gaya wa na'ura harshen ba, manhaja za ta karanta shi da lafazin Turanci, abin ya zama gwaranci. Da yake muryoyin na'ura masu Hausa ba su yawaita ba, dabara mafi sauƙi ita ce a naɗi muryar mutum yana karanta kowace babbar sanarwa, a sa a shafin. Wannan zai amfani makaho, ya amfani wanda bai yi boko ba, ya amfani malamin da ajami kaɗai yake karantawa.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Ba sai mun ƙirƙiro ma'auni daga sama ba, akwai shi. Ƙungiyar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet na duniya, ta fitar da jagorar da ake kira WCAG tun 1999, ta sabunta ta a 2008 da 2018 da 2023. Jagorar ta tsaya a kan ginshiƙai huɗu: mutum ya iya riskar abin da ke shafin ta ido ko kunne ko taɓawa, ya iya sarrafa shi, ya iya fahimtarsa, kuma shafin ya yi aiki da na'urori iri-iri. Tana da mataki uku, na tsakiya wanda ake kira AA shi ne gwamnatoci suka fi ɗauka. A cikinsa aka ce, alal misali, a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba.

Tun a shekarar 1999 wani makaho mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin Olamfik na birnin Sidni saboda shafinsu ba ya karantuwa ga makafi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ostireliya ta ba shi gaskiya, aka umarci a biya shi dala 20,000 na kuɗin ƙasar.

Birtaniya ta kafa doka a 2018 wadda ta tilasta wa hukumomin gwamnati, har da majalisun ƙananan hukumomi, su gyara shafukansu. Sababbin shafuka an ba su zuwa Satumba na 2019, tsofaffi zuwa Satumba na 2020. Dokar ta kuma ce kowane shafi ya ɗauki wata sanarwa da ke faɗin inda ya cika ƙa'ida, da inda ya gaza, da wanda za a kai wa kuka. A Amurka, inda aka kafa dokar kare naƙasassu tun 1990, sai a watan Afrilu na 2024 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'ida takamaimai ga shafukan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. A lokacin ta ba hukumomin da ke da mutum 50,000 zuwa sama shekara biyu, waɗanda ba su kai haka ba shekara uku. A kwatanta da namu: bisa ƙidayar 2006, in an raba mutum miliyan 140 ga ƙananan hukumomi 774, kowace za ta tashi da kimanin mutum 180,000. Alimosho ta Jihar Legas kaɗai ta haura miliyan ɗaya.

Kada kuma mu ɗauka Turawa sun gama da matsalar. Cibiyar WebAIM ta Amurka takan auna shafuka miliyan ɗaya mafiya farin jini a duniya kowace shekara, kuma a 2024 ta sami kurakurai a kusan kashi 96 cikin ɗari. Kurakuran da suka fi yawa su ne rubutun da bai fito sosai ba, da hotuna marasa bayani. Darasin da ke nan shi ne, abin ba ya gyaruwa don kansa, sai an sa doka an kuma bi ta.

Me dokarmu ta ce?

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci hanyoyin sadarwa na zamani, har da intanet, cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukumar da ta nuna bambanci, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairu na 2024. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa domin ta sa ido. Kafin wannan, Jihar Filato ta yi tata dokar a 2005, Jihar Legas kuma a 2011.

Duk wanda ke yawo a sakatariyoyinmu ya san wa'adin ya cika amma matakala na nan a wurare da yawa. Ban da haka, dokar ta fi ba da ƙarfi ga gini da titi da mota da makaranta da asibiti. Sai dai sashenta na farko ya hana bambanci ta kowace hanya kuma a kowane hali. A fahimtata, hukumar da ta ce neman aiki sai ta shafinta, alhali ta san makaho ba zai iya cike fom ɗin ba, ta faɗa cikin abin da sashen ya hana. Daɗin daɗawa, dokar ta ce kada a amince da zanen ginin jama'a sai an ga ya tanadi hanyar naƙasassu. To, me zai hana a yi wa shafin intanet irin wannan duba kafin a biya ɗan kwangila?

Ba mu rasa abin koyi a gida ba. Hukumar zaɓe ta INEC ta fara ba makafi jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi a zaɓen gwamnan Osun na 2018, ta kuma yi amfani da ita a babban zaɓen 2019. Hukumar JAMB, bayan ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta, ta kafa kwamiti na musamman a 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin makafi su zauna jarrabawar. Duka biyun ba su rasa kurakurai ba, amma sun nuna in an so ana iyawa.

Uzurin da za a kawo

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ƙauyen da ba shi da ruwan sha da wutar lantarki, ina shi ina shafin intanet? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na cewa a bar haƙa rijiya a gina shafi. Abin da nake cewa shi ne, in har an yanke shawarar kashe kuɗin jama'a a kan shafi, to a yi wanda dukan jama'a za su shiga. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Waɗansu za su ce tsada. Gaskiyar magana ita ce yawancin gyaran nan ba kaya ake saye ba, kula ce kawai. Hasali ma shafi mai sauƙi, mai rubutu tsantsa, wanda ba a cika shi da manyan hotunan shugaba da 'yan majalisarsa ba, ya fi saurin buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi, kuma ya fi cin kuɗin data kaɗan. Ke nan abin da aka yi don makaho, manomin ƙauye ma ya ci riba.

Waɗansu kuma za su ce naƙasassunmu ba su yi karatu ba, bara suka sani. Wannan tsohon tunani ne. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ta Pacelli a Legas tun 1962, ga ta Tudun Maliki a Kano da sauransu. Yau akwai makafi da kurame da guragu lauyoyi da malaman jami'a da 'yan jarida. Kuma in mun rufe wa mai ilimi ƙofar neman aiki, da wane baki za mu zarge shi in mun gan shi a bakin titi da ƙoƙo?

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a rubuta sharaɗin cikin takardar kwangila: shafin ya cika ƙa'idar WCAG mataki na AA, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai an gwada an tabbatar.

Na biyu, masu gwajin su zama naƙasassun da kansu, a kuma biya su ladan aikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar Hausa ba a rasa wanda za a tuntuɓa ba, domin tun zamanin da garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ga kuma ƙungiyoyin zamani da ɗalibai. A zaunar da makaho da wayarsa a ce ya nemi takardar shaida daga farko har ƙarshe. In ya iya, shafin ya ci jarrabawa. In ya kasa, ɗan kwangila ya koma.

Na uku, ba lalle kowace ƙaramar hukuma ta yi nata daban ba. Jihar Kano tana da 44, Katsina 34. Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ta jiha, ko ƙungiyar shugabannin ƙananan hukumomi ta ALGON, tana iya sa a yi ginshiƙi ɗaya ingantacce, kowace hukuma ta zuba bayananta a ciki. Hukumar NITDA da Hukumar Kula da Naƙasassu su haɗa kai su fitar da ƙa'ida ɗaya, su riƙa aunawa suna buga sakamakon kowace shekara, kowa ya ga wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Na huɗu, a koyar da jami'in yaɗa labarai da akawun da ke saka sanarwa, domin shafin da aka gina da kyau yana lalacewa ranar da aka fara manna masa hotunan takardu. A kuma sa suna da lambar ofishin da zai karɓi ƙorafi.

Na biyar, kada buɗe shafi ya zama dalilin rufe taga. A bar teburin da mutum zai zo da ƙafarsa, a sauko da shi ƙasan bene, a ci gaba da sanarwa ta rediyo da masallatai da majami'u da masu unguwanni. Sabuwar ƙofa ƙari ce a kan tsohuwa.

Naƙasasshen da ke sayar da kaya a kasuwa yana biyan kuɗin rumfa, wanda ke da gida yana biyan haraji, ranar zaɓe kuma ƙuri'arsa ɗaya ce da ta kowa. Ba sadaka yake nema ba, haƙƙinsa ne. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, duk ranar da ɗan kwangila ya zo nuna musu sabon shafi, kafin su duba ko hotonsu ya fito da kyau, su fara tambayarsa: makaho zai iya shiga? In amsar a'a ce, aiki bai kammala ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya kuma sa mu dace, amin.